Rarraba Gabatarwar Ɗalibai ta Wayar Salula: Abin da Ke Samun Misalan Hausa a Hanya

A azuzuwan jami'o'inmu, daga Yamai zuwa Damagaram, ba kullum ake samun majigi ba, kuma in an samu, ɗaukewar lantarki a lokacin bazara takan katse aiki. Saboda haka ɗalibai suka koma tura gabatarwarsu, wadda suka fi sani da ekspoze, zuwa rukunin WhatsApp na aji, kowa ya bi ta a wayarsa. Dabara ce mai kyau, tana kuma rage kuɗin fotokopi. Sai dai ga ɗalibin kimiyyar harshe akwai haɗari a cikinta: abin da ya rubuta a kwamfutarsa ba lalle ne shi zai bayyana a wayar abokinsa ba.

Matsalar ta fi ƙamari a haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, wannan na ƙarshe shi ne ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta zaɓa a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Tsofaffin zubin haruffa na Hausa ba su ba waɗannan haruffa lambar kansu ba; aron gurbin wasu alamomi suka yi. Idan aka buɗe fayil ɗin a wayar da ba ta da wannan zubi, sai ƙasa ta koma }asa, ɗa ya koma ]a. Wannan ma da sauƙi, don kowa zai ga ɓarnar. Abin da ya fi muni shi ne ɗalibi ya gaji ya zubar da ƙugiyar baki ɗaya. Wanda ke bayani kan baƙaƙen hamza da misalan kafa da ƙafa, ko daidai da ɗaiɗai, in ƙugiya ta faɗi, hujjarsa ce ta faɗi, domin kalmomin sun zama ɗaya a ido.

Haka alamomin karin sauti da tsawon wasali. Rubutun yau da kullum ba ya nuna su, amma nazari ba ya yiwuwa sai da su: kūkā na mai hawaye dabam yake da kūkā̀ mai miya, wuyā̀ na jiki dabam da wùyā ta wahala. Inda alamomi biyu suka hau wasali ɗaya, nan ne wayoyi suka fi tuntuɓe. Ɗaya ta goce gefe, ko ta zama ɗan akwati fanko. Shi ya sa wasu manazarta ke ninka wasalin, su rubuta kuukàa, kuma a kan waya wannan ya fi aminci.

Maganin ba mai tsada ba ne. A rubuta da tsarin Unicode, inda ƙ take da lambarta, U+0199, a kowace na'ura. A zaɓi zubin Charis SIL ko Doulos SIL, waɗanda kyauta ne kuma an ƙera su don alamomin furuci. Sannan a mayar da aikin PDF kafin a tura, ba fayil ɗin PowerPoint ba, domin PDF yakan tafi da zubin haruffansa. Shi ne kuma ke riƙe jerin kalma ƙarƙashin kalma irin na ƙa'idojin Leipzig. A ƙaramin allo layi yakan karye, sai fassarar wata ƙwayar ma'ana ta faɗo ƙarƙashin wadda ba tata ba.

Misalan murya su ne babbar ribar waya, wadda takarda ba ta da ita: ɗalibi zai iya jiyar da aji yadda Ba'adare yake cewa hwari inda Bakano ke cewa fari. Amma saƙon murya na WhatsApp matsattse ne. Ya isa a saurara, bai dace da awo a Praat ba. Don awo, sai a ɗauki WAV a tura shi a matsayin takarda.

Wanda ba shi da kuɗin intanet a ba shi ta Bluetooth ko Xender tun kafin a shiga aji. Kowane misali kuma a sa masa lamba, don babu allo ɗaya da za a nuna da yatsa. Mai gabatarwa ya ce misali na 7, kowa ya same shi a tasa wayar.