Darasi Daga Dajin Ekuri: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Darasinmu na wannan Juma'a a kan shawara ne, kuma daga jihar Kuros Riba muka ɗauko shi.

A ƙaramar hukumar Akamkpa akwai ƙauyuka biyu, Tsohon Ekuri da Sabon Ekuri, masu dajin gado mai faɗin hekta 33,600. A 1992 suka kafa ƙungiyar kula da shi. Da sanin da suka gada suka kasa dajin: nan gona, nan wurin tsinkar ganyen afang da 'ya'yan ogbono, can kuma ba mai sa gatari. Dattawansu sun san rafin da ke ƙafewa idan an sare itatuwan bakinsa. A 2004 aikin ya samu lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai a 2016 gwamnatin jihar ta soke mallakar ƙasa kilomita 10 dama da hagu na wata babbar hanya mai tsawon kilomita 260 da take son shimfiɗawa. Dajin Ekuri na ciki. Mutanen ba su ɗauki makami ba. Sun yi taro, maza da mata, sun yi zanga-zangar lumana, aka tara sa hannu sama da 250,000 aka kai Abuja. A 2017 gwamnati ta janye sokewar.

To, ina ruwanmu? Mu ma mun san wurinmu. Mai shago ya san kwatar da ke fara toshewa da ruwan farko. Mahauci ya san inda ruwan mayanka ke bi. Iyayenmu mata sun san rijiyar da ke gurɓata da damina. Injiniyan da aka turo bai kwana a nan ba.

Dokar ƙasa ta 1992 ta wajabta a auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara, a kuma baje rahoton jama'a su faɗi ra'ayinsu. Amma wanda bai je ba, da shi aka yanke.

Don haka idan an kira taro kan magudana, bola ko tashin kasuwa, kar mu ce mu baƙi ne. Mu zauna da Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa tun da wuri, mu rubuta abin da muka sani, mu haɗa baki da maƙwabtanmu 'yan gari, mu tura wakilai har da na mata.

Allah Ya sa mu dace, amin.