Ƙofar Mota Da Ta Ƙi Buɗuwa: Jawabi Ga Direbobi Da Masu Motoci

Duk wanda ya tsaya a Tashar Dukku a cikin garin Gombe zai ga yaron mota yana zura hannu ta taga domin ya buɗe wa fasinja ƙofa, ko kuwa ya ga ƙofar da aka ɗaure da igiya. Jama'a sun saba da wannan har ba sa ganin aibinsa. Alhali kuwa idan mota ta faɗi ko ta kama wuta a hanyar Bauchi ko ta Kaltungo, ƙofar da ba ta buɗuwa daga ciki ita ce ke hana mutum tsira.

Da yawa daga tsofaffin motocin nan sun daɗe suna aiki. Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, makullan ire-irenta kuwa duk na ƙarfe ne, babu lantarki a ciki, saboda haka gyaransu ba shi da tsada. Babban abokin gabarsu shi ne ƙurar hunturu, wadda ke cika ramin makulli daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'an nan damina ta zo ta bar tsatsa.

Idan mabuɗi ya shiga amma ya ƙi juyawa, kada a murɗa shi da ƙarfi, domin zai karye a ciki. Kada kuma a ɗura bakin mai ko man gyaɗa, ko da yake wannan ita ce dabarar da aka fi yi. Mai yakan sassauta makulli na kwana biyu, daga baya ya haɗu da ƙura ya zama caɓi, ya liƙe ƙananan ƙarafan da ke ciki. Abin da ya dace shi ne a busa ramin da famfon taya, a goga bakin fensir a jikin mabuɗin har ya yi baƙi, a riƙa sa shi ana zarewa, ana jijjiga shi a hankali. Garin fensir yana sa santsi, ba ya kuma riƙe ƙura. Idan mabuɗin ya riga ya karye, a zaro guntun da hantsaki. A kuma duba haƙoransa, gama sau da yawa mabuɗin ne ya cinye, makullin lafiya lau yake.

Wani lokaci mabuɗi yakan juya amma ƙofa ta ƙi. Idan tana buɗuwa daga waje kaɗai, a fara duba ɗan maɓallin nan na gefen ƙofar baya da ake yi wa motoci da yawa domin tsare yara, watakila an taɓa shi ne ba a sani ba. In ba shi ba ne, to siririn ƙarfen da ya haɗa hannun ƙofa da makulli ya saki. Sai a cire murfin ƙofa na ciki, a mai da ƙarfen wurinsa, a sake 'yar robar da ke riƙe shi. A nan ne ake wanke harshen makulli da kananzir, a bari ya bushe, a shafa giris kaɗan.

Akwai kuma ƙofar da ta sunkuya saboda pata ta cinye, galibi don fasinjoji na rataya a jikinta. Alamarta ita ce sai an ɗaga ta kafin ta buɗe. Buga ta da ƙarfi ba ya ƙara komai sai ɓarna. Aikin mai gyaran jikin mota ne, ya daidaita pata da ƙarfen da harshen makulli ke kamawa.

Kowace safiya, kafin a yi lodi, direba ya gwada kowace ƙofa daga ciki da waje. Wadda ta ƙi, kada a zaunar da kowa kusa da ita sai makanike ya gani.