Darasin Wannan Wata: Yadda Za Mu Ta da Injin Tsohon Babur da Kuɗi Kaɗan

A ƙungiyoyinmu da yawa akwai tsohon babur da aka jingine a bayan sito, kaji suna kwana a kansa. Dā shi ne yake kai sakatare gari neman taki, shi ne yake ɗauko malamin dabbobi, shi ne kuma yake kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Yanzu ya mutu, kuɗin sabo kuwa ya fi ƙarfin asusunmu. Waɗansu sun ce a sayar wa 'yan gwangwan. Kafin mu yi haka, bari mu yi wannan darasi tare, gama da tsohuwar zuma ake magani.

Abu guda muke so mu riƙe: kada mu sayi kome sai mun san ciwon. Kuɗin ƙungiya amana ne. Gumin mata da maza ne da suka kawo mudu-mudu bayan girbi. A wata ƙungiya da muka ziyarta, an fara da fenti da sabuwar kujera da madubi. Da kuɗin ya ƙare, babur ya yi kyau ƙwarai, amma bai tashi ba.

Wane babur muke nufi?

Za mu ɗauki misali da ƙaramin Honda ɗin nan da muke kira roba-roba. Sunansa na ainihi Super Cub. An fara ƙera shi a Japan a 1958, a 2017 kuwa yawan waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100. Akwai C50 da C70 da C90. Lambar tana nuna girman injin. Awon da za mu bayar a nan na C70 ne. Injinsa yana shan fetur zalla, baƙin mai kuma yana da wurinsa dabam. Ba a gauraya su kamar yadda ake yi wa tsohuwar Vespa. Kamfanoni da yawa na ƙasar Sin sun kwaikwayi wannan injin, saboda haka kayansa ba su ɓace a kasuwa ba.

Shiri kafin a taɓa sifana

Mu zaɓi mutum uku. Na ɗaya mai riƙe sifana, na biyu mai rubutu, na uku ma'aji. Idan akwai makanike a cikin 'yan ƙungiya, madalla. Idan babu, mu ɗauko ɗaya na yini guda, matasanmu su zauna kusa da shi su koya.

Mu share wuri mai inuwa, mu shimfiɗa buhu. Mu tanadi sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17, da sifanar fulogi, da sukudireba, da kananzir, da tsohon buroshin haƙori, da gwangwanayen tumatir domin zuba notuna. Abin da ya kamata mu saya tun farko shi ne ma'aunin nan mai siraran ƙarafa kamar ganye, wanda ake auna ƙaramar tazara da shi. Ba shi da tsada. Kowane abu da za a kwance, a ɗauki hotonsa da waya tukuna, mai rubutu kuma ya rubuta.

Mu wanke injin daga waje kafin mu buɗe shi, domin kada yashi ya shiga. Da kananzir za mu wanke, ba da fetur ba. Kada a hura wuta ko a sha taba kusa.

Idan injin ya cije

Injin da ya shekara biyu ko uku a ajiye yakan yi tsatsa a ciki, kik ya ƙi motsi. Kada ƙato ya hau ya taka da ƙarfi. Zai karya abin da dā yake lafiya. Mu cire fulogi, mu ɗaga gaban babur a kan turmi ko kututture, mu zuba kananzir gauraye da baƙin mai ta ramin fulogi. Mu bar shi kwana uku ko huɗu. Sa'an nan mu cire murfin hagu, mu riƙa juya faifan maganaɗisun da hannu, gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya saki. Bayan haka mu zubar da tsohon mai, mu zuba sabo.

Duwatsun murhu uku

Tukunya ba ta zama sai a kan duwatsu uku. Haka injin: yana bukatar wuta, da fetur, da matsi. Idan ɗaya ya rasa, ba zai tashi ba. Mu bincike su bi da bi, mu fara da wanda ba ya cin kuɗi.

1. Wuta. Mu goge fulogi, mu gyara bakinsa ya zama tsakanin milimita 0.6 da 0.7. Mu sa masa hularsa, mu jingina shi a jikin injin, wani ya taka kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi muke nema. Idan babu, mu gwada da fulogin aro, mu kuma bi wayoyi, gama ɓera yakan ci su. Tsofaffin baburan suna da 'yan ƙarafa biyu a bayan faifan maganaɗisu masu buɗewa da rufewa, waɗanda makanikai suke kira kwantak. Mu goge fuskarsu. Buɗewarsu ta zama milimita 0.3 zuwa 0.4, su kuma fara rabuwa daidai lokacin da alamar F ta faifan ta zo kan tsagar da ke jikin injin. Na baya-baya ba su da kwantak, ƙaramin akwatin wuta ne da su.

2. Fetur. Tsohon fetur yakan daskare kamar ƙaro, ya toshe kafireta. Mu kwance ta, mu jiƙa cikin kananzir, mu busa 'yan ramukanta da famfon keke. Kada mu tsokane su da allura, gama ramin zai faɗaɗa, babur ya riƙa shan mai har abada. Idan tanki ya yi tsatsa, mu zuba tsofaffin notuna da kananzir mu girgiza, mu ɗauraye, mu shanya. Mu duba matatar iska kuma. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a can.

3. Matsi. Mu toshe ramin fulogi da babban yatsa, wani ya taka kik. Injin mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. Idan iskar ba ta da ƙarfi, kada mu yi saurin cewa ringi ne. Mu duba bawul tukuna. Bawul biyu ne, na shigar mai da na fitar hayaƙi, kowanne da murfinsa a kan injin. Injin yana sanyi, mu juya faifan har alamar T ta zo kan tsaga, hannuwan da ke danna bawul ɗin su biyu suna ɗan motsi. Idan ba sa motsi, mu ƙara juyi ɗaya cikakke. Tazarar kowanne ita ce milimita 0.05. Takardar littafi ta kusan ninka wannan kauri, saboda haka ba ta yin awo. Bawul da aka matse ba ya rufewa sosai, iska sai ta zurare. Mun ga babur da aka yanke wa ƙauna, ashe ciwonsa ke nan, ga kafireta mai datti. Kuɗin fulogi da mai kaɗai aka kashe, ya tashi.

Idan an gyara bawul amma matsi bai dawo ba, ga gwaji na kyauta. Mu zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a ramin fulogi, mu sake gwadawa. Idan matsi ya ƙaru, ringi ne ya cinye. Idan bai ƙaru ba, bakin bawul ne yake yoyo, ko gasket na kai.

Idan kuwa injin ya tashi, mu dubi hayaƙinsa. Shuɗi yana nuna yana ƙona baƙin mai. Baƙi yana nuna fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan.

Lokacin buɗe injin

Sai yanzu ne za mu kwance kai da silinda. Mu lura da inda kowace washa take. Akwai guda ta jan ƙarfe. Lalle ta koma wurinta, gama ta gefen wannan ƙusa ne mai yake hawa zuwa kai. Da zarar silinda ya fita, mu cusa tsumma mai tsabta a bakin injin, kada wani abu ya faɗa ciki.

Mu kama sandar da ke riƙe da fistin, mu ja ta gaba da baya bisa tsawonta. Ɗan motsi na gefe ba laifi. Amma idan tana ƙwas-ƙwas bisa tsawonta, ciwon ya kai ciki. Wannan aikin babban makanike ne, kuɗinsa kuma dabam.

Mu shafa cikin silinda da farce. Idan farce ya maƙale a wani zane, sai an rarake shi. Idan sumul yake, mu sa ringi ɗaya a ciki, mu daidaita shi da kan fistin, mu auna tazarar bakinsa. Sabo yakan ba da milimita 0.15 zuwa 0.35. Wanda ya wuce 0.5 ya gama aiki. Idan sabon ringi ma ya bar baki a buɗe, silinda ne ya faɗaɗa.

Faɗin silinda na C70 milimita 47 ne. Ana iya rarake shi hawa huɗu: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Mu goge kan tsohon fistin, za mu ga lambar da aka kai. Mu sayi fistin na gaba da ringinsa tukuna, sa'an nan mu kai shi tare da silinda wurin masu injin rarakewa a birni, gama da fistin ɗin za su yi awo. Mu tambayi kuɗin sabon silinda kuma, wani lokaci bambancin ba yawa.

Domin gwada bawul, mu zuba kananzir ta ƙofar mai da ta hayaƙi. Idan ya tsatso ta bakin bawul, sai a wasa shi da man wasa bawul, ana murza shi tsakanin tafin hannu kamar maburgi, har bakin ya yi zobe mai toka-toka kewaye. A wanke sarai bayan haka, gama man nan yashi ne.

Ina za mu tsuke hannu, ina za mu sake?

Murfi, salansa, kafireta, ƙafar kik da notuna, duka ana iya sayen na hannu a kasuwannin kayan gyara irin su Panteka ta Kaduna. Kullum mu tafi da tsohon a aljihu mu gwada, gama ba kowane na kwaikwayo yake shiga ba. Fenti da madubi na ado su jira kaka mai zuwa.

Amma abu biyar ba a sayensu tsofaffi: fistin da ringi, gasket na kai, robobin tare mai, 'yan wayoyi biyu masu riƙe sandar fistin, da baƙin mai. A nan araha ba ta ado. Mai na kwalba da ake aunawa a bakin hanya, ba mu san abin da ke ciki ba. Mu sayi na babur a rufaffiyar roba. Injin nan ba ya cin lita ɗaya ma.

Mai rubutu ya jera dukan abin da ake bukata da kuɗinsa, a karanta a gaban taro kafin ma'aji ya fitar da ko kwabo. Idan jikin injin ya tsage, ko jimlar kuɗin ta kusa kai na wani injin mai lafiya, mu dakata. Barin gyara a irin wannan hali ba kunya ba ne.

Mayar da kaya

Mu shafa wa kome baƙin mai kafin mu sa. Rubutun da ke kan ringi ya dubi kan fistin, bakunan ringin kuma kada su yi layi ɗaya. Kada mu lafta gam a gasket. Akwai ƙaramin ramin mai a gindin silinda. Idan gam ya toshe shi, kan injin zai ƙone cikin 'yan mintoci. Wajen ɗaura sarƙar cikin injin, alamar T ta tsaya a tsagarta, alamar O ta ƙaramin faifai mai haƙora kuma ta tsaya a tsagar da ke jikin kai. Mu ɗaure notunan kai kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai mai fuskantarta. Ƙarfen nan mai laushi ne, ba ya son ƙarfin tuwo. Mu juya injin da hannu sau biyu. Idan ya tokare, mu tsaya mu duba.

A jikin kuloci akwai matatar mai, a ƙasa kuma akwai 'yar raga. Mu wanke su. Wajen auna mai, babur ya tsaya daidai, a ɗora sandar awo a bakin ramin ba tare da an murɗa ta ba.

A waje za mu ta da shi, ba cikin ɗaki ba, gama hayaƙinsa yana kisa. Da ya tashi, mu ɗan buɗe murfin bawul mu ga ko mai ya iso. Idan wurin a bushe yake, mu kashe nan da nan.

Injin da aka gyara kamar mai jego yake. Kilomita 500 na farko, ban da gudu, ban da buhun masara, ban da goyon mutum biyu. Bayan haka mu juye mai, mu sake auna bawul, mu bi notuna. A hanyoyinmu masu ƙura, mu riƙa juye mai kowane kilomita 1,000. Tsohon mai kada a zubar kusa da rijiya ko a gona. Kada kuma a hau titi sai an duba birki da taya da fitila, mahayi kuma ya sa hular kwano.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne ne duwatsun murhu uku na injin? Wanne za mu fara dubawa?
2. Me ya kashe baburinmu tun farko? Rashin mai ne, ko yawan kaya, ko yawan hannu?
3. Wa zai riƙe makulli da littafin babur bayan an gyara?
4. Nawa kowane mai aro zai riƙa sawa a asusun mai da gyara?
5. Waɗanne matasa biyu za mu sa su koyi wannan aiki?

Aikin wannan wata

Kowace ƙungiya mai irin wannan babur ta fito da shi daga bayan sito, ta wanke shi, ta yi gwajin nan uku ba tare da sayen kome ba sai ma'auni. Ku rubuta abin da kuka samu, ku kawo a taro na gaba. Sai mun ji daga gare ku.