Darasi: Ɗalibi Mai Ciwon Sukari a Firamare

Iyaye da malamai, ciwon sukari yana kama yara ma, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare. Yaron da ake yi wa allurar insulin zai yi karatu kamar kowa, muddin malaminsa ya sani. Wasunmu na ɓoyewa saboda kunya, alhali ɓoyewar ce hatsarin.

Mu sa masa na'urar gwajin sukari a jaka, da ƙwayar sukari uku. In ya fara karkarwa, gumi ko rikicewa, musamman bayan ƙwallo ko ranar da bai karya ba, a gwada shi. Ƙasa da 70 (wasu takardun asibiti suna rubuta 0,70) sukarinsa ya faɗi: ya sha sukarin nan take, a sake gwaji bayan minti 15. Ko babu na'ura a ba shi. In ya suma kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibitin sansani.

Malam kada ya hana shi fita fitsari. Insulin kuma ba ya son zafi, mu ajiye shi a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.