Tambaya da Amsa: Shin telekwanbata na ɓata hoton lensi mai f/2.8?

TAMBAYA

Ni mai ɗaukar hoto ne a Kano. Biki da suna da taruka ne sana'ata, amma idan Sallah ta zo nakan fita ɗaukar hawa. Ina da lensi 70-200mm f/2.8 wanda hotonsa ke fita tar. A Sallar da ta wuce na ari telekwanbata mai ninki 2 a wurin abokin sana'a don in jawo mahaya daga nesa ranar Hawan Daushe. Da na buɗe hotunan a kwamfuta sai na ga da yawansu dishi-dishi, fuskar mahayi ba ta fito ba, adon doki ya cakuɗe. Wasu sun ce haka kwanbata take, ɓata hoto kawai ta iya. Wasu kuma sun ce laifina ne. Ina tara kuɗin sayen tawa, amma jikina ya yi sanyi. Mene ne gaskiyar lamarin?

Mai ɗaukar hoto, daga Kano

AMSA

Kowane ɓangare na abokan aikinka yana riƙe da rabin gaskiya.

Kwanbata ba ta ƙara wa lensinka gani. Gilasai ne da ake sakawa tsakanin lensi da kyamara, aikinsu su ɗauki tsakiyar hoton da lensin ya riga ya haɗa su shimfiɗa shi a kan sensa gaba ɗaya. Duk abin da ke cikin hoton nan sai ya girma, kyawunsa da aibinsa. Idan akwai ɗan laushi ko ɗan jan layi da shuɗi a gefen farin rawani wanda idonka ba ya kamawa a da, mai ninki 2 za ta ninka shi har ya fito fili, sannan ta ƙara da ɗan nata aibin, tunda ita ma gilashi ce.

Sai kuɗin da take karɓa, wato haske. Mai ninki 1.4 tana cin rabin hasken, abin da masu hoto ke ƙirgawa mataki ɗaya. Mai ninki 2 tana cin mataki biyu, kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ke isa sensa. Lensinka na 70-200mm f/2.8 yana komawa 98-280mm f/4 da ta farko, 140-400mm f/5.6 da ta biyu. Wannan lissafi ne, babu kamfanin da ya iya kauce masa, domin faɗin ƙofar da haske ke shiga bai canja ba, tsawon ne kawai ya ƙaru.

Yanzu mu koma ranar Hawan Daushe. Hawa ne na yamma, rana na yin sanyi, dawakai sun tayar da ƙura, mahaya kuma ba tsaye suke ba. A ce ba tare da kwanbata ba kana ɗauka a f/2.8, saurin shota 1/1000, ISO 800. Da ka saka mai ninki 2, sai ka kai ISO 3200 kafin ka riƙe wannan saurin. Idan ka tsuke lensin zuwa f/8 don hoton ya ƙara kaifi, ka kai 6400 ke nan. Wanda bai ɗaga ISO ba, kyamara ce za ta rage masa saurin shota zuwa 1/250 ba tare da ta yi shawara da shi ba, kuma 1/250 ba ya tsayar da dokin da ke sukuwa. A 400mm rawar hannunka ma ta ninka. Na'urar hana girgiza da ke cikin lensi tana taimakon hannu, amma babu ruwanta da motsin doki. Ina kyautata zaton mafi yawan hotunan da suka ba ka haushi a nan suka lalace. Ka duba bayanan da kyamara ke rubutawa a jikin kowane hoto, ka ga saurin shotar da aka ɗauke su da shi. Idan bangon da ke bayan mahayi ya fito ras shi kuwa ya narke, motsi ne ko saiti. Idan komai ya ja zuwa gefe ɗaya, hannu ne. Idan hoton ya tsaya daidai amma duka ya yi laushi, to a nan ne za a tuhumi gilashi.

Saitin ma yana raguwa. Kamfanin Canon da gangan yake rage gudun injin saiti idan an saka kwanbatarsa don kada ya wuce wurin da ake so, kuma raguwar ta fi yawa a mai ninki 2. Kyamarori masu madubi da yawa ba sa yin saiti da kansu idan lensi ya wuce f/5.6, wasu manya suna kaiwa f/8 amma da 'yan wuraren saiti kaɗan. Shi ya sa ake cewa kwanbata ta lensi mai faɗin ƙofa ce. Mai f/2.8 yana da rarar da zai biya, mai f/5.6 kuwa idan ya hau mai ninki 2 ya faɗa f/11. Sababbin kyamarori marasa madubi sun sassauta wannan matsala sosai, amma ƙarancin haske yana nan.

Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba, alhali a ƙasarmu shi ne babba: iskar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka. Wanda ya saka kwanbata yawanci daga nesa yake harbi, kuma duk ƙura da hazo da hucin da ke tashi daga kwalta suna cikin hanyar. A lokacin hunturu hazo na kashe bambancin haske da duhu, a bazara kuma zafin rana na sa iska rawa har layin da yake miƙe ya karkace. Lensin miliyoyin naira ma bai tsira daga wannan ba. Masu ɗaukar tsuntsaye a fadamar Haɗeja da Nguru da sassafe suke fita saboda haka. Matsawa kusa da taku goma ya fi kowace kwanbata amfani, in dai dogarai sun bari.

To me ya sa ƙwararru ke amfani da ita? Saboda abin da za a gwada ta da shi ba lensi 400mm na gaske ba ne, yanke hoto ne a kwamfuta. Idan kyamararka mai megafiksel 24 ce, ka yanke hoton ya yi daidai da ninki 1.4, saura 12. Ka yanke daidai da ninki 2, saura 6. Muddin lensin yana ɗauke da bayanin da ya fi ƙarfin sensa, kwanbata za ta fito da zaren alkyabba da yankan ba zai nuna ba. Lensuna marasa zuƙowa irin 300mm f/2.8 da 400mm f/2.8 suna da wannan rarar, har ana ɗora musu mai ninki 2 su ba da 600mm da 800mm a f/5.6, hoton kuma ya shiga mujalla. Kamfanonin da kansu sun yarda da mai ninki 1.4 har suka gina ta a cikin lensi: Canon a 200-400mm f/4 na 2013, Nikon a 180-400mm f/4 na 2018. Ka lura, ba mai ninki 2 suka zaɓa ba. Lensi mai zuƙowa irin naka yakan ɗan yi rauni a ƙarshen tsawonsa, wato 200mm, kuma nan ne daidai wurin da kwanbata ke aiki.

Kafin ka fitar da kuɗi, gani ya kori ji. Ka sake aro ta, ka manna jarida a bango a wuri mai haske da safe, ka ɗora kyamara a kan ƙafa uku. Ka ɗauka a 200mm ba kwanbata, sannan da ita a buɗe, sannan ka tsuke mataki ɗaya, duk daga wuri guda. Ka girmama hoton farko ya kai girman sauran, ka gwada rubutun. Ka tabbatar kuma tana shiga lensinka, domin gilashin gabanta yana turowa waje. Lensin Canon RF 70-200mm f/2.8 na 2019, misali, ba ya karɓar kwanbata sam. Idan ta hannu za ka saya, ka haska ta da tocila ka duba ƙura da fumfuna, kuma ka guji mai arha marar suna.

Shawarata, ɗan'uwa, ka sayi mai ninki 1.4 ta kamfanin lensinka. Ka yi aiki da ita a f/4 ko f/5.6, kada shota ta sauka ƙasa da 1/1000 idan dawakai na gudu, ka bar ISO ya hau. Mai ninki 2 ka bar ta sai hawan safe mai wadatar haske, da sandar dogara kyamara a hannunka. Idan rana ta yi ƙasa ranar Daushe, cire kwanbatar ka koma f/2.8. Allah ya ba da sa'a.