DARASI: SIKILA, BAƘAR FATA, DA LIKITOCINMU NA KANO



Kwanakin baya na shiga Kantin Kwari sayen shadda, sai mai shagon ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, yarona mai shekara shida yana da sikila. Likita ya ce a auna masa ƙwaƙwalwa, wataƙila a ɗora shi kan wani magani. Ni kuwa wallahi tsoro nake, kada a mayar min da ɗa abin gwaji kamar yaran Asibitin Zana." Na ce, "Alhaji, tsoronka yana da asali, amma kada ya cutar da yaron." Amsar da na ba shi ita ce darasinmu na yau.

NA FARKO: ASALIN TSORON

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana, nan kusa da Kwari. Yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye da gwamnati sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka ban zargi Alhaji ba.

NA BIYU: WANI ZALUNCIN SHI NE A MANTA DA KAI

Zalunci a harkar lafiya kala biyu ne. Akwai a gwada magani a kanka ba ka sani ba. Akwai kuma a ƙi neman maganin ciwonka kwata-kwata, don masu ciwon talakawa ne baƙaƙe. Na biyun shi ya daɗe yana samun masu sikila.

Tun 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya bayyana cutar a jikin wani ɗalibi baƙar fata. Amma sai 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganinta na farko, haidiroksiyuriya, na biyu kuma sai 2017. A can masu sikila sun kai kimanin 100,000, galibinsu baƙaƙe. Akwai wata cutar huhu ta gado, sistik faiburosis, wadda ta fi kama fararen fata, kuma masu ita ba su kai rabin wannan adadi ba. Wani nazari na 2020 ya nuna kuɗin binciken da gwamnati ke kashewa a kan kowane mai ciwon huhun ya ninka na mai sikila fiye da sau uku. A ƙarshen 2023 an amince da Casgevy, mai gyara ƙwayar halitta, amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne. Ɗan wa zai sha wannan a Fagge?

Alhali Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa masu sikila: ana kiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara.

NA UKU: ABIN DA 'YA'YANMU SUKA YI A KANO

Cikin mafi munin abin da sikila ke yi wa yaro akwai shanyewar ɓarin jiki. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma zai same shi kafin ya kai shekara 20. A ƙasashen Turawa ana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, duk yaron da aka ga yana cikin haɗari sai a riƙa ƙara masa jini wata-wata. Mu nan ina jinin? Ina kuɗin?

Sai likitocinmu suka tashi. Dakta Najibah Galadanci da Dakta Shehu Umar Abdullahi da abokan aikinsu a Asibitin Malam Aminu Kano, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka yi tambaya: shin ƙwayar haidiroksiyuriya za ta iya tsayawa a madadin ƙarin jinin? Suka bi yara 220 a asibitocin Kano, har da na Murtala, da kuma Barau Dikko a Kaduna. A 2022 sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology: shanyewar jiki ta yi ƙaranci a cikin yaran, kuma ƙaramin awo na maganin ya yi aiki kamar matsakaici. Ma'ana, kariya mai araha da talaka zai iya kaiwa gare ta.

Ku lura da bambancin, 'yan uwa. Wannan bincike ne kan ciwonmu, da hannun 'ya'yanmu, a kan maganin da aka daɗe da saninsa.

NA HUƊU: ME YA RAGE MANA?

1. Mai yaro mai sikila ya kai shi a auna masa jijiyoyin kai tun yana shekara 2. Na'ura ce ake ɗorawa a gefen kai, babu allura, babu yanka. Maganin kuma likita ne ke rubutawa yana bibiyar jinin yaro, ba a kemis ake tsinta ba.

2. In an nemi saka ɗanka a bincike, ka yi tambaya da Hausa har ka gamsu: mene ne maganin, mene ne haɗarinsa, wa ya ba da izini? Kana da haƙƙin ka ƙi, kana da haƙƙin ka janye, kuma dole a ci gaba da duba ɗanka.

3. Gwajin jini kafin aure. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Tun 2024 gwajin ya zama doka a Kano. A yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba ana gobe ɗaurin aure ba. Bin sababi ba ya kore tawakkali.

4. A daina cewa aljanu ne ko sammu, a daina goranta wa uwa ita kaɗai. Daga uba da uwa ake gadonsa.

5. Attajiranmu na Kwari, dukiyar da ke juyawa a layinku a yini guda za ta sayi maganin yara da yawa, ta ɗauki nauyin ɗalibi mai karatun cututtukan jini. In ba mu nemi maganin ciwonmu ba, wa muke jira?

Alhaji dai ya yi alƙawarin kai yaron ranar Litinin. Allah ya ba shi lafiya, ya ba dukkan marasa lafiyarmu, ya saka wa masu yi musu hidima da alheri.

Wallahu a'alam.