An Ce Hoton Cikina Lafiya Lau, To Me Ke Damuna?

Tambaya: Likita, kusan shekara guda ke nan, da na ci loma kaɗan sai in ji na ƙoshi, cikina ya kumbura, ƙahon zuciyata ya riƙa zafi. Na yi sikanin an ce babu komai. Wane hoto ne zai nuna cutar? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ciwonki gaskiya ne ko da hoto bai nuna shi ba.

Sikanin da ake shafa mai a ciki ana goga na'ura, gwani ne wajen duba hanta da gano tsakuwa a matsarmama, amma ba ya ganin fatar cikin tumbi da kyau. Mai wannan aikin shi ne endoskofi, siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki bayan an wuni ko an kwana ba a ci komai ba. Shi ke bayyana gyambon ciki, kumburi ko ƙari.

Idan shi ma ya fito lafiya, alhali alamun sun faro aƙalla wata 6 baya kuma suna damunki a wata 3 na ƙarshe, likitoci kan ce matsalar ta aikin tumbi ce. Haka ƙa'idojin likitoci na Rome IV na 2016 suka tsara. Kamar injin niƙa ne: hotonsa a tsaye ba zai gaya miki yadda yake niƙa ba. Wani tumbin ba ya saki ya karɓi abinci, wani yana jinkirin tura shi hanji, wani kuma jijiyoyinsa ne suka cika jin zafi.

Akwai gwajin da ke auna wannan jinkiri. Za a ba ki ƙwai da burodi da aka sa wa ɗan sinadarin da kyamara ke hangowa, a ɗauki hoto nan take, sannan bayan awa 1, awa 2 da awa 4. Idan fiye da kashi 10 cikin 100 na abincin na nan bayan awa 4, tumbin na jinkiri. An fi yi wa masu yawan amai da masu ciwon suga, kuma sai a manyan asibitoci.

Kafin ki sake kashe kuɗi a hoto, ki nemi a gwada bahayarki ko numfashinki don neman ƙwayar H. pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka samu kyautar Nobel a kanta a 2005. Ki sanar da likita idan kina shan maganin omeprazole, domin ana dakatar da shi mako 2 kafin gwajin. Ki kuma guji magungunan ibuprofen da diclofenac, ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, ki rage maiƙo.

Amma idan kika ga aman jini, baƙar bahaya, rama ba dalili, ƙarancin jini ko wahalar haɗiya, kada ki jira, ki garzaya asibiti a yi miki endoskofi. Haka ma duk wanda ciwon ya fara masa yana da shekara 60 ko fiye. Allah ya sawwaƙe.